Magen da Ta Ƙi Fitowa Gaisuwa

Ɓeraye ne suka kai ni neman mage, ba tausayi ba. Gara in faɗi wannan tun da fari, kada wani ya ɗauka neman lada na fita.

Ɗakina yana hawa na biyar a wani tsohon bene a Sanyuanli, kuma da ƙafa ake hawansa. Shekara goma sha bakwai ke nan ina kai da kawowa tsakanin Kano da Guangzhou, ina sayen takalma da jakunkunan mata ina turawa gida. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu, zamana a nan ya fi zamana a can yawa. Kwalayen samfur suna jingine da bango har kusa da rufi, a bayansu kuma ɓeraye suka kafa gari. Wata safiya na ɗauko takalmin da zan nuna wa mai masana'anta, na tarar an gaigaye maɗaurinsa.

Matar da ke sayar da 'ya'yan itace a ƙasan benenmu ta ce min akwai wata dattijuwa a can gefen gari da ke tara magunan titi, tana yi musu magani, tana ba wa mai so. Ta rubuta min wurin a takarda, na nuna wa mai tasi.

A gida in kana son mage, maƙwabci za ka yi wa magana, ya sa ɗa guda a buhu ya miƙo maka ta katanga. Haka na zata za a yi. Sai na tarar da wata gajeriyar mata mai furfura, hannuwanta duk tabon yakushi, ta zaunar da ni a kan kujerar roba tana yi min tambayoyi kamar na zo neman auren 'yarta. Sinancina na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, babu, na gode. Sauran maganar waya ce ta riƙa juya mana, ita ta faɗa da yarenta, wayar ta maimaita da Turanci, ni kuma in tsinci abin da na iya tsinta.

Hawa na nawa kake? Tagoginka akwai raga? In ka tafi ƙasarku, wa zai kula da ita?

Ranar hannu rabbana na dawo. Sai da na sa aka yi wa tagogina biyu raga, na ɗauki hoto na tura mata, mai 'ya'yan itace kuma ta yi alkawarin hawowa duk lokacin da na yi tafiya, sannan aka ce in dawo in zaɓa.

Magunan sun fi talatin. Wasu na hawa ƙafata, wasu na kuka suna goga jiki. Akwai guda ɗaya mai ruwan toka a can ƙuryar keji, ta ba mutane baya, ta kafa goshi a bango. An ɗan yanke tsinin kunnenta na hagu. Na nuna ta. A lissafina, mai laɓewa ita ce maharbiya, masu surutun nan sai cin abinci.

Matar ta girgiza kai. Ta ce sau biyu ana ɗaukar wannan ana dawo da ita, tsoro ya yi mata yawa, ba a san abin da ta gani a titi ba. Na ce ita nake so. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kafa sharaɗi. Mako huɗu za ta ba ni. Ranar da suka cika za ta zo ɗakina da kanta, in ta ga magen ba ta samu zama ba, za ta tafi da abarta. Ta ɗaga yatsu uku: kada ka taɓa ta, kada ka zura mata ido, kada ka jawo ta daga inda ta ɓuya. Na ce to, to, irin to ɗin da ake ce wa likita in ya hana cin gishiri.

Ina buɗe kejin a ɗaki ta shige ƙarƙashin gado, kamar an zuba ruwa a rairayi. Kwana goma ban ga ko wutsiyarta ba. In na tafi kasuwa na dawo, sai in ga abinci ya ragu, ruwa ya ragu, an tona yashin da na zuba mata a faranti. Ɓerayen kuwa warinta kawai suka ji suka yi ƙaura.

Da don ɓeraye kaɗai na ɗauko ta, da buƙata ta biya. Amma a cikin kwanakin nan wani abu ya same ni da ban shirya masa ba. Na kama kaina ina yin sallama in na buɗe ƙofa. Shekara shida ina shiga ɗakin nan shiru, in ajiye leda, in kunna fanka. Yanzu sai in tsaya a bakin ƙofa in ce salamu alaikum, don na san akwai mai numfashi a ciki. Na fara baro kasuwa da wuri. A rana ta goma, ina zaune a kan darduma bayan La'asar ina jan carbi, na ga hanci da gashin baki sun leƙo daga bakin gado. Na tsayar da carbin. Ta kalle ni, ta koma. Ranar na san ba na so a tafi da ita.

Lokacin ya zo daidai da baje kolin bazara na Pazhou, lokacin da mutanenmu ke cika gari. Ni ne babba a cikin 'yan Kanon da ke unguwar, don haka al'ada ce duk Juma'ar baje koli a sauko daga masallaci a wuce ɗakina. Na dafa shinkafa da wake, wani ya zo da yaji daga gida, wani da kilishi. Mu tara muka zauna a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, kowa na magana da ƙarfi kamar yana kiran wani a hayin kogi.

A cikinsu akwai abokina tun ƙuruciya, mai sayar da yadi, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara hango kwanon ruwa da farantin yashi a lungu.

"Alhaji, wannan kuma fa? Amarya ka yi ba mu ji ba?"

"Amaryar Sin ce," na ce, "ba ta jin Hausa."

Aka fashe da dariya.

"Ko ba ta jin Hausa ai ta san baƙi. Tun daga Kano muka taso, mu hau bene biyar da tsufanmu, uwar gida ta ƙi fitowa ta ce mana sannu?"

"Tsoro take ji."

"Tsoro? Kai da muka sani? Kai da ko ƙadangare ba ya wuce ƙofar gidanka bai rusuna ba? Lallai Sinawa sun gama da kai, tsoho."

Wasa yake yi, kuma na san wasa ne. Amma a wurinmu, baƙo ya zo gidanka wani naka ya ɓuya, kai aka zaga. Da haka aka rene ni, da haka na yi reno. Na ji wani tsohon zafi ya taso min daga ƙirji, wanda na zaci ya mutu tuntuni. Na tashi na ɗauko sandar goge ƙasa, na durƙusa na zura ta ƙarƙashin gado. Magen ta matsa ƙurya. Mutum biyu suka ɗaga gadon suna dariya, na miƙa hannu na damƙo ƙeyarta, na ɗaga ta sama.

"Ga ta nan. Gaida mutane."

Da ta yakushe ni da ya fi min sauƙi. Ba ta yi komai ba. Ta saki jiki kamar tsumma, ƙafafunta na lilo, idanunta a buɗe ba sa kallon kowa. Ina jin bugun zuciyarta har cikin yatsuna. Sai na ji ɗumi yana bin gaban rigata.

"Ta yi maka barka da Juma'a!" in ji abokina, ɗaki ya sake ɗauka.

Ni ban yi dariya ba. Na san idanun nan. Na taɓa ganin su, shekara talatin da suka wuce, a zauren gidana.

'Yata ta fari ce, wadda ko sunanta ba na kira, kamar yadda muka gada. Tun tana ƙarama ba ta son taro. Da ta ji sallamar baƙi sai ta shige bayan randar da ke ɗakin uwarta ta ƙudundune. Ni kuma in shiga in kamo wuyan hannunta, in ja ta har zaure. Durƙusa. Buɗe baki. Ba ki ga manya ba? Sai ta durƙusa, leɓɓanta na motsi, murya ba ta fita. Uwarta takan tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan, ba raini ba ne, tsoro ne." Ni kuma in ce tarbiyya ce, ba za a ce gidana ba a gaisuwa ba. Wata ranar Sallah, tana da shekara shida, na jawo ta gaban abokaina da sabon ɗinkinta, ta tsaya ƙiƙam, fitsari ya bi ƙafarta har kan tabarma. Baƙi suka yi dariya suka ce a ƙyale ta. Da suka tafi ban ƙyale ta ba.

Ta koyi gaisuwa. Yau malamar asibiti ce a Kano, da 'ya'yanta uku, kuma duk dangi babu wanda ya kai ta ladabi. Duk Lahadi ina kiranta. Ina wuni Baba, ya aiki, ya sanyi, ya jiki, Allah ya ƙara lafiya. Ba ta tsallake ko ɗaya. In gaisuwar ta ƙare sai ta yi shiru, tana jira in sallame ta. Abin da na nema shi na samu, ban samu komai a bayansa ba.

Na sauke magen. Ta ja ciki ta shige bayan kwalaye, inda hannu ba ya kaiwa. Na canja riga, aka ci gaba da cin abinci.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta sha ba. Abincin da na zuba ya bushe a kwano, yashin yana nan a shafe kamar yadda na bar shi. In na kara kunne a jikin kwali ba na jin komai. Tun muna makarantar allo ake ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda mage, ban taɓa zaton labarin zai zo ya zauna min a ɗaki ba.

Zan iya yin shiru. Matar da ta ba ni magen ba ta da hanyar sani, saura ƙasa da mako biyu ta zo. Na kwashe shekaru ina rufe laifina da cewa gyara nake yi. A rana ta uku na ɗauki waya na faɗi komai: baƙi, sanda, gado, ƙeya. Wayar ta juya, na tura.

Amsa ba ta zo ba sai bayan Azahar. Ta farko gajera ce: na gaya maka. Ta biyu ta ce in dafa tsokar kaza, babu gishiri babu yaji, in yayyaga, in ajiye kusa da inda take, in bar wurin. In ba ta ci ba zuwa gobe, za ta zo ta kai ta asibiti, kuma ba za ta dawo da ita wurina ba. In ta ci, ranar alkawari tana nan, amma da keji za ta zo.

Na dafa kazar. Na tura farantin bakin kwalaye da tsinin yatsa. Ɗakin guda ɗaya ne, babu inda zan je, don haka na ja darduma can gefe, na zauna na fuskanci bango, na ba ta baya kamar yadda na same ta ta ba duniya baya. Lokacin damshi ne, bango na ta gumi, na zauna ina kallon ɗigon ruwa yana gangarowa. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba. Wuyana na ta so ya juya. Ban taɓa sanin rashin juyawa aiki ne ba sai ranar.

La'asar ta kusa lokacin da na ji ƙaramar ƙara, faranti ya gogi siminti. Sannan na ji tauna.

Daga ranar na canja zaman ɗakin. Abincin Juma'a ya koma gidan cin abinci na wasu Musulmin Sin a bakin titi. Abokina ya yi ta yaɗawa cewa mage ta kori 'yan Kano daga gidan Alhaji, na bar shi. Mu 'yan kasuwa da ihu muke waya, sai na koma sauka ƙasa in kira masu kaya, in hawo in na gama. Na daina jan kwali a ƙasa. Kullum bayan La'asar in zauna in ba ta baya. Ta bar bayan kwalaye ta koma ƙarƙashin gado, na ɗauki wannan a matsayin ci gaba. Wata rana na ji sanyin hanci a diddigena. Bayan kwana huɗu na ji nauyi a kan jelar jallabiyata, ta kwanta a kai. Na zauna har Magariba ta kusa kuɓuce min. Ban taɓa ta ba ko sau ɗaya. Hoto ma ban samu ba, don da na ɗaga waya take ɓacewa.

A Lahadin da ke tsakiya na kira 'yata. Da gaisuwa ta ƙare, shirun nan ya zo, ban sallame ta ba. Na ba ta labarin magen tun daga ɓeraye har ranar Juma'a. Ban rage komai ba, har rigar da na canja.

Ina jin kukan ƙaramin ɗanta daga nesa.

"Ka bar ta, Baba," ta ce. "In ta ga ba a neman ta, za ta fito da kanta."

"Ke kika sani," na ce.

"Ni na sani."

A nan muka yi sallama.

Ranar alkawari ta faɗo Asabar da hantsi. Abokina ya biyo karɓar saƙon da zai kai wa 'ya'yana, don washegari zai tashi. Magen tana kwance a bakin gado, rabin jikinta a waje, sallamarsa kawai ta ji ta shige. Ba a jima ba muka ji takun matar a matakala, da ƙarar keji yana bugun ƙarfen da ake riƙewa a gefen matakalar. Ta shigo tana haki, ta ajiye kejin a tsakar ɗaki, ta buɗe ƙofarsa.

Ta duba ragar tagogi, ta ja da yatsa. Ta duba kwano, ta duba yashi. Sannan ta yi magana a waya, wayar ta ce: tana ina? Ina so in ga idonta da jikinta.

Na nuna ƙarƙashin gado.

Abokina ya matso kusa da kunnena. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Alhaji, mu ɗan ɗaga gadon kawai, ba sai an taɓa ta ba. Ta gan ta da ƙibarta, magana ta ƙare. In ba haka ba wallahi tafiya za ta yi da ita, ka ga keji a buɗe."

Gaskiya ya faɗa. Ba ni da hoto, ba ni da shaida, abin da matar ta sani game da ni shi ne sandar goge ƙasa. Ɗagawa ɗaya, ta ga mage mai sheƙi, ta tafi ta bar min abata. Har ya sunkuya ya kama ƙafar gadon. Na dafa hannunsa.

"Meyo," na ce wa matar, kalmar da masu shago ke faɗa in babu kaya. Na karɓi wayar na yi magana a hankali don ta juya daidai. Na ce ba za ta fito ba, ni kuma ba zan fito da ita ba, ba zan ɗaga gado ba. In kin ga dole ki tafi da ita, hakkinki ne, ke kika san yadda ake yi ba a firgita ta ba. Amma ba da hannuna ba.

"Kai dai ka cika taurin kai," in ji abokina. "Da can taurin kai, yanzu ma taurin kai."

Matar ta saurari wayar har ƙarshe. Ta zauna a ƙasa nesa da gadon, ta miƙe ƙafa. Na haɗa mata shayi, ta karɓa da hannu biyu. Muka zauna mu uku shiru, har abokina, wanda ban taɓa ganin ya rufe baki tsawon haka ba. Can ta miƙa hannu kan jallabiyar da na ninke a gefen darduma, ta tsinci wani abu a jelarta, ta ɗaga shi wajen hasken taga. Gashi ne mai ruwan toka. Ta sake tsinto wani, da wani. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Sai ta kwanta ta gefe, da tsufanta, ta kafa kunci a siminti, ta leƙa duhun daga inda take. Ta lumshe ido a hankali, ta buɗe, ta sake lumshewa. Ban san abin da ta gani ba. Ta tashi ta karkaɗe wando, ta rufe ƙofar kejin, ta ɗauka.

A bakin ƙofa ta juyo. Ba ta nemi waya ba. Ta ce, "Lawban," wato mai gida, ta nuna gadon, ta nuna ni, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Na tsaya ina jin kejin yana bugun ƙarfe hawa bayan hawa, da sauƙin ƙarar abin da babu komai a cikinsa, har ta kai ƙasa.

Washegari na kira 'yata. Na bari ta gama gaisuwarta, sannan na ce ta yafe min randar nan, da zauren, da ranar Sallah. Ta ce, "Ba komai, Baba." Na san ba komai ɗinmu, da shi muke rufe rijiya da tabarma. Ban matsa ba. Shekara talatin ba sa gyaruwa a waya ɗaya, wataƙila ma ba za su gyaru ba, uwarta kuwa da ta fara gaya min gaskiya ba ta nan balle in ce mata ta yi daidai. Na yi shiru ina jira, ban sallame ta ba, ban kuma nemi ta ce wani abu ba.

"Baba," ta ce, "an bar maka ita?"

"An bar min."

"Ta fito da matar ta zo?"

"Ba ta fito ba."

"To madalla," ta ce. Sai ta tambaye ni launinta, da abin da take ci, da ko tana kuka in na fita.

Shekara biyu ke nan. Yanzu tana kwana a kan kwalin jakunkuna na sama, in na yi sallama ta sauko ta tsaya nesa kaɗan tana kallona. Wani lokaci takan bari in shafa bayanta sau biyu, na uku ta tashi. Har yau in ta ji baƙuwar murya a matakala, ƙarƙashin gado take shigewa. Baƙi sukan ga kwano su tambaya, in ce musu tana ciki, ba ta fitowa, ku zauna ga shayi.